Darasin Labarin Ƙasa: Masu Gudun Sanyi a Motoci Masu Ɗaki

A kowace shekara, daga watan Oktoba zuwa Disamba, manyan hanyoyin ƙasar Amurka da suka nufi kudu sukan cika da waɗansu irin motoci dogaye masu tagogi da labule. A cikin kowace akwai gado, da murhu, da wurin wanka. Yawancin masu tuƙa su dattawa ne, mata da miji waɗanda suka gama aiki suka fara karɓar fansho. Sun kulle gidajensu a Kanada da jihohin arewacin Amurka, sun nufi Filorida, ko Teksas, ko Arizona. Ba za su komo ba sai watan Maris ko Afrilu. Laƙabin da aka ba su, in an juya shi da Hausa, shi ne "tsuntsayen ƙanƙara", gama suna tashi ne lokacin da tsuntsaye masu ƙaura suke tashi.

Mai kallo daga nesa zai ce waɗannan mutane ba su da damuwa, sai yawon buɗe ido kawai. Amma za mu gani a wannan darasi cewa tafiyar ta rataya ne a kan lissafi: na zafin rana, na ruwa, na mai, da na kwanaki. Ɗalibi ya riƙe taswirarsa kusa, domin za mu bukace ta.

1. Sanyin da suke gudu

Mun koya a aji cewa duniya tana kewaya rana a karkace, karkatar kuwa digiri 23.5 ce. A ranar 21 ko 22 ga Disamba rabin duniya na arewa ya fi kowane lokaci kau da kai daga rana. Bari mu gwada garuruwa uku a wannan rana da tsaka. A Kano, wadda take wajen digiri 12 arewa da ikwaita, rana takan hau sama har digiri 54 da ɗoriya. A Yuma ta jihar Arizona takan kai wajen digiri 34. A Winnipeg ta Kanada kuwa, wadda take wajen digiri 50 arewa, da ƙyar take kaiwa digiri 17. Haskenta yana zuwa a kwance, ba shi da ƙarfi, yinin kuma wajen sa'a 8 ne kaɗai.

Sakamakon haka shi ne, matsakaicin yanayin Winnipeg a watan Janairu yakan kasance wajen digiri 16 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas. Mu da muke hura wuta da asuba idan hunturu ya sauko da ma'auni zuwa digiri 12 ko 13, sai mu tuna cewa wannan ya fi namu sanyi da kusan digiri 30. Kogi yakan daskare har a yi tafiya a kansa. Kafin mutum ya fita da mota sai ya kwashe ƙanƙarar da ta rufe ƙofar gidansa da shebur. Ga saurayi wannan motsa jiki ne, ga tsoho mai ciwon zuciya kuwa hatsari ne. Haka kuma santsin ƙanƙara yakan ka da tsofaffi su karye a ƙugu. A wannan watan na Janairu zafin rana a Yuma yakan kai wajen digiri 21. Bambancin da suke bi ke nan.

2. Motar da kanta

Motocin iri biyu ne manya. Akwai wadda injinta da ɗakinta suke haɗe, wata ƙarama kamar bas ɗin haya, wata kuwa tsawonta ya kai mita 12. Akwai kuma tirela wadda ake ja da a-kori-kura. Amfanin tirela shi ne, idan an isa masauki sai a kwance ta a bar ta, a shiga gari da motar ja. Yawancin waɗannan motoci a yankin Elkhart na jihar Indiana ake ƙera su. A shekarar 2021 kaɗai masana'antun sun fitar da wajen 600,000, abin da ba a taɓa yi ba kafin nan.

Abin da ya fi muhimmanci a cikin motar ba ya ganuwa, domin yana ƙarƙashin daɓe. Tankuna uku ne: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida. Na farko yana raguwa, biyun suna cika, kuma doka ta hana zubar da ƙazanta sai a wuraren da aka tanada. Iskar gas ce ke dafa abinci da ɗumama ɗaki. Wutar lantarki kuwa ana jona ta a masauki, ko a samo ta daga batir da faifan hasken rana a kan rufi. Wanda ya sauka a jeji inda babu famfo yakan san yawan litar da ya yi wanka da ita, kamar yadda mai sayen ruwa a wurin 'yan garuwa ya san yawan jarkar da ta shigo gidansa.

Ku lura da wani abu daga darasin kimiyya. Idan ruwa ya daskare, girmansa yakan ƙaru da wajen kashi 9 cikin 100, ya fasa bututu. Saboda haka mai fitowa daga arewa a watan Disamba yakan tsiyaye ruwan motarsa sarai, ya zuba maganin hana daskarewa a bututan, ba zai cika tanki ba sai ya yi kwana biyu ko uku yana tafiya kudu. Gidan da ya bari ma haka ne: ya rufe ruwa, ya bar na'urar ɗumama gida tana aiki kaɗan kaɗan, ya kuma roƙi maƙwabci ya riƙa leƙawa.

3. Yadda al'adar ta fara

A dā masu arziki ne kaɗai suke iya zuwa Filorida da hunturu, a jirgin ƙasa, su sauka a manyan otal. Abubuwa uku ne suka buɗe wa talaka hanya.

Na farko, mota mai araha. Kamfanin Ford ya fito da motarsa Model T a 1908. A 1919 waɗansu matafiya masu kwana a tanti kusa da motocinsu suka kafa ƙungiya a birnin Tampa na Filorida, mai suna Tin Can Tourists, wato 'yan yawon gwangwani. A shekarun 1930 Wally Byam ya fara ƙera tirelolin Airstream masu ƙyalli, a 1966 kuma kamfanin Winnebago na jihar Iowa ya fito da motarsa mai ɗaki ta farko, a farashin da ma'aikaci zai iya biya.

Na biyu, hanya. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyin da suka haɗa jihohi, waɗanda babu mararraba ko fitilar tsayawa a kansu.

Na uku, fansho. Amurka ta kafa dokar tallafin tsofaffi a 1935, Kanada kuma ta fara tsarin fanshonta na ƙasa a 1966. Mutum ba ya iya barin gida wata biyar sai idan kuɗinsa suna shigowa ko yana nan ko ba ya nan. In da an cire ɗaya daga cikin ukun nan, da babu tsuntsayen ƙanƙara.

4. Hanyoyi da masaukai

Ku buɗe taswira. Hanyoyin Amurka masu lamba mara, wato irin su 15, 35, 75 da 95, daga arewa zuwa kudu suke tafiya. Mutanen Quebec da gabashin Amurka sukan bi ta 95 zuwa Miami. Na Ontario da Michigan sukan bi ta 75, wadda ta taso daga Sault Ste. Marie a bakin iyakar Kanada ta gangara har kudancin Filorida, kusan kilomita 2,900. Na tsakiya sukan bi ta 35 zuwa Teksas, su sauka a kwarin kogin Rio Grande, a garuruwa irin su McAllen, Harlingen da Brownsville. Na Alberta kuwa sukan bi ta 15 su ratsa Montana da Utah zuwa hamadar kudu maso yamma.

Masauki ma iri biyu ne. Akwai filayen haya masu ruwa da lantarki da wurin iyo, inda baƙi sukan koma wa maƙwabtan bara, a yi wasanni da cin abinci tare. Akwai kuma filin gwamnati a hamada, inda ake zama kyauta har kwana 14, ko a sayi takardar izinin zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu a wuraren da aka keɓe. A 2023 kuɗin wannan takarda dala 180 ne na dukan watanni bakwai.

Garin da ya fi suna a wannan harka shi ne Quartzsite a Arizona. A ƙidayar 2020 mazaunansa 2,413 ne. Amma a watan Janairu hamadar da ke kewaye da shi takan cika da dubban motoci masu ɗaki, ana cin kasuwar duwatsu masu daraja da ta kayan mota a ƙarƙashin manyan tantuna. Idan Afrilu ya wuce, zafi ya haura digiri 40, sai garin ya koma shiru.

A maƙabartar garin akwai wani kabari mai siffar dala, da hoton raƙumi na ƙarfe a ƙoƙuwarsa. Na Haji Ali ne, wanda Amurkawa suka kasa faɗin sunansa suka mai da shi Hi Jolly. Ya zo daga ƙasashen daular Usmaniyya a 1856, lokacin da sojan Amurka suka shigo da raƙuma sama da 70 don su gwada su a hamada. Gwajin bai ɗore ba, amma shi ya zauna, ya rasu a Quartzsite a 1902, aka gina masa wannan dala a 1935.

5. Abubuwan kallo

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Da yake ba sauri suke yi ba, matafiyan sukan ratse su ga wurare a hanya.

A Filorida akwai St. Augustine, wanda Sifaniyawa suka kafa a 1565. A jihohin Amurkar yau babu wani gari da Turawa suka kafa, aka kuma zauna a cikinsa ba yankewa, da ya girme shi. Akwai cibiyar Kennedy, inda kumbon Apollo 11 ya tashi zuwa wata a 1969. Akwai fadamar Everglades, wadda aka mai da ita gandun ƙasa a 1947, inda kadoji iri biyu suke zaune wuri ɗaya. A maɓuɓɓugan Crystal River da Blue Spring kuma ana ganin ayu, ɗan'uwan wanda ake samu a kogin Binuwai. Shi ma gudun sanyi yake yi: idan teku ya yi sanyi sai ya shigo maɓuɓɓuga, inda ruwa yake tsayawa a wajen digiri 22 duk shekara.

A Teksas akwai Alamo a birnin San Antonio, inda aka gwabza yaƙi da sojan Meziko a 1836. A gandun Aransas na bakin teku kuma wani irin farin gauraka yakan sauka bayan tafiyar wajen kilomita 4,000 daga gandun Wood Buffalo na Kanada. A 1941 garken bai kai tsuntsu 20 ba. Saboda kariyar da ƙasashen biyu suka ba shi, ya haura 500 a ƙidayar shekarun 2020.

A Arizona, kusa da Tucson, akwai dajin wani irin ƙyarana mai suna saguwaro, wanda tsayinsa kan kai mita 12, ya kuma rayu fiye da shekara 150. Sai kuma babban kwazazzabon Grand Canyon, wanda kogin Kolorado ya sassaƙa: tsawonsa kilomita 446, zurfinsa fiye da kilomita ɗaya da rabi. Nan ne baƙo marar nazari yakan sha mamaki. Ya ɗauka duk Arizona ɗumi ce, sai ya tarar da dusar ƙanƙara. Dalili kuwa, bakin kwazazzabon na kudu yana kan tudu mai tsayin wajen mita 2,100, kuma zafi yakan ragu da wajen digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da aka hau. Abin da ya sa Jos ta fi Lafiya sanyi ke nan. Ashe zuwa kudu kaɗai bai isa ba, sai an duba tsayin ƙasa.

Kudun ma ba kullum take lafiya ba. Lokacin guguwar teku yana farawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, kuma a Satumba 2022 guguwar Ian ta lalata masaukai da yawa a yankin Fort Myers. A Fabrairu 2021 wani mugun sanyi ya gangaro har kudancin Teksas, lantarki ya ɗauke, bututu suka fashe, hukumar lafiyar jihar ta ƙidaya mutum 246 da suka rasu.

6. Ƙidayar kwanaki

Ɗan Kanada da ya ƙetare iyaka baƙo ne, kuma dokoki uku suke ƙirga masa kwana. Ta farko ta shige da fice ce: yawanci ba a barinsa ya wuce wata shida. Ta biyu ta lafiya ce: lardin Ontario, alal misali, yana so mutum ya kasance a gida aƙalla kwana 153 cikin wata 12, in ba haka ba ya rasa inshorar asibitinsa. Magani a Amurka yana da tsada ƙwarai, don haka dole ya sayi wata inshorar tafiya, wadda kuɗinta ke hawa yayin da shekarunsa suke hawa.

Ta uku ta haraji ce, ga kuma yadda ake lissafinta. A ɗauki dukan kwanakin da mutum ya yi a Amurka bana, a ƙara sulusin na bara, a ƙara kashi ɗaya cikin shida na bara waccan. Idan jimlar ta kai 183, hukumar haraji tana iya ɗaukarsa kamar mazaunin ƙasar, sai fa idan ya cika takardar da ke nuna cewa gidansa da harkokinsa suna Kanada. Wanda yake yin kwana 120 kowace shekara, lissafinsa 120 da 40 da 20 ne, wato 180, ya tsira da kwana uku. Wanda yake yin 150 kuwa, nasa 225 ne.

Doka kuma tana sākewa. A Maris 2020, saboda annobar korona, aka rufe iyakar ƙasa ga masu yawon buɗe ido, Amurka ba ta buɗe nata gefen ba sai 8 ga Nuwamba 2021. Waɗanda ba su da wani gida sai motarsu suka yi hunturu a Kanada cikin sanyi. A Afrilu 2025 kuma Amurka ta fara neman baƙi masu zaman kwana 30 ko fiye su yi rajista, ciki har da 'yan Kanada da yawa masu shigowa ta mota.

7. Masu masauki, da waɗansu matafiyan

Garuruwan kudu suna murna da baƙin nan, gama suna sayen abinci da mai, suna biyan haya. A ƙetaren iyaka kusa da Yuma akwai ƙaramin garin Los Algodones na Meziko, wanda ya cika da ɗaruruwan likitocin haƙori, domin baƙin sukan taka da ƙafa su je a gyara musu haƙora da araha.

Amma akwai tambayar ruwa. Ruwan sama a Yuma bai kai milimita 100 a shekara ba. Abin da gari da gonaki suke sha daga kogin Kolorado yake zuwa, wanda jihohi bakwai suka raba a yarjejeniyar 1922, aka kuma yanka wa Meziko rabo a 1944. Bayan fari na shekaru da yawa, a 2021 gwamnati ta ba da sanarwar ƙarancin ruwa a karon farko, aka rage wa Arizona wajen kashi 18 cikin 100 na rabonta a shekara mai biye. A Yuli 2022 tafkin Mead, babbar ma'ajiyar kogin, ya sauko zuwa wajen kashi 27 cikin 100 na cikarsa. Baƙo raɓa ne, zai tafi a Afrilu, manomi kuwa yana nan da ƙarancin.

A wannan kwari ne ake noman mafi yawan ganyen latas da Amurka take ci da hunturu. Masu yankansa da yawa 'yan Meziko ne, waɗanda suke layi a bakin iyaka tun tsakar dare su ƙetaro zuwa gona. Wato a gari ɗaya, a wata ɗaya, akwai baƙi iri biyu: wanda ya zo kashe kuɗi da wanda ya zo nemansu. Na biyun mun san shi sarai, domin shi ne ɗan ci-rani, kamar wanda yake barin ƙauye bayan girbi ya tafi birni sai damina ta kawo kai.

A hamadar Quartzsite ma ba kowa ne yake hutawa ba. Bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008 waɗansu tsofaffi sun rasa gidajensu, suka koma cikin motoci, suna bin aikin ɗan lokaci a manyan ɗakunan ajiyar kaya da gonaki. Jessica Bruder ta rubuta labarinsu a littafinta Nomadland a 2017, fim ɗin da aka yi daga littafin kuma ya ci kyautar Oscar a 2021. Motoci biyu suna iya tsayawa gefe da gefe, mai ɗaya yana da gidan da zai koma, mai ɗayar ba shi da.

Kammalawa

Ƙaurar lokaci ɗabi'a ce ta duniya duka. Jamusawa da Faransawa da mutanen Holan sukan gangara da irin waɗannan motoci zuwa kudancin Sifen, da Fotugal, da Agadir ta Maroko. Tsuntsayen Turai sukan ƙetare Sahara su sauka a fadamar Hadejiya da Nguru. Makiyayi yakan kora shanunsa kudu da rani, ya komo da damina. Ɗalibin labarin ƙasa, idan ya ga mutane suna kai da kawowa da lokaci, ya yi tambaya huɗu: me ya kore su, me ya jawo su, me ya sa tafiyar ta yiwu, wa kuma yake ɗaukar nauyinta a inda suka sauka?

Tambayoyin nazari

1. Zana taswirar Amurka ta Arewa, ka nuna Winnipeg, Yuma, Miami da Brownsville, da hanyoyi huɗun da aka ambata.

2. Babbar mota mai ɗaki takan sha wajen lita 28 a kilomita 100. A ce tafiyar kilomita 3,000 ce, lita nawa za ta sha zuwa da komowa?

3. Wata mata ta yi kwana 140 a Amurka bana, 120 bara, 90 bara waccan. Ta kai 183 ko ba ta kai ba?

4. A Ostireliya ma akwai dattawa masu irin wannan tafiya, amma arewa suke nufa, a watannin Yuni zuwa Agusta. Bayyana dalili.

5. Tambayi wani dattijo a gidanku ko unguwarku wanda ya taɓa zuwa ci-rani. Rubuta shafi ɗaya a kan abin da ya lissafta kafin ya tashi, ka gwada shi da lissafin tsuntsayen ƙanƙara.